Abin da maharba suka tsayar kan sauya albarushi

A hirar da maharba suka yi a Fagge bayan sallar la'asar, magana ɗaya ta fi ɗaukar lokaci: albarushi ba ya maye gurbin ɗan'uwansa. Misali IMR 4350 da H4350, nau'o'i biyu na albarushi marar hayaƙi, lambarsu ɗaya, amma kowanne da ma'auninsa a littafin kamfani, can ake dubawa, a fara ɗuri daga ma'auni mafi ƙanƙanta.

Wani dattijo ya nuna tabon da ke babban yatsansa. Albarushi marar hayaƙi ya ɗura wa adaka, bututun ya tsage. Da na ga tabon, wallahi jikina ya yi sanyi. Adaka baƙin albarushi kaɗai take ɗauka.

Kada a gauraya iri biyu, gwangwanin da takardarsa ta goge a rabu da shi. Lasisin bindiga kuwa, dokar makamai ta 1959 ta wajabta shi.