Iska na zurarewa a bututun silin, da me ake toshewa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na'urar sanyaya gidanmu aiki take ba hutu, amma ɗakin ƙarshe ko a jikinsa. Jiya maigidan ya leƙa cikin silin, ya ce ashe can sanyin ya tare. Bara muka naɗe mahaɗun bututun da tef ɗin nan mai ruwan toka, yanzu duk ya ɗaye yana reto. Da me kuke toshe naku?

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah a rabu da tef ɗin ƙyallen nan. Tun 1998 cibiyar binciken Lawrence Berkeley ta Amurka ta gwada shi tare da wasu kayan toshewa a kan bututun iska, shi ne ya fara sakewa, domin zafi yana busar da gam ɗinsa. Ku nemi mastik, wani gam mai kauri da ake shafawa da burushi ko da safar hannu. Ko ya bushe ba ya tsagewa, yana bin motsin kwanon bututun. Amma a fara goge ƙura, a ɗaure mahaɗar da sukuru uku. In ramin ya wuce milimita 6, a shimfiɗa raga a kai kafin a shafa.

Malam: Injiniya ya gama magana. Nawa ƙarin, yadda za a gano wurin. A kunna na'urar, a bi mahaɗun da turaren tsinke. Inda hayaƙin ya karkace, nan ne. Ni da baƙin ƙura na gane nawa: na ga zane kamar na gawayi a jikin audugar da aka naɗe bututun da ita, ina ɗagawa sai ga rami, yatsana biyu suka shige.

Maman Biyu: Ikon Allah! To tef ɗin alminiyom fa?

Injiniya: Yana yi, in akwai UL 181, wato alamar inganci ta kayan bututun iska, a rubuce a jikinsa, kuma aka murje shi sosai ya kwanta. Ni dai mastik na fi yarda da shi a kusurwoyi.

Alhaji: Kowa hankalinsa na kan bututun da ke kai iska, an manta da mai dawo da ita, alhali shi ya fi ba ni tsoro. In ya huje, ƙurar silin yake zuƙowa ya watsa wa yara a ɗaki. In kuma akwai tukunyar ɗumama ruwa mai gas a kusa, yana iya janyo hayaƙinta cikin gida. A sa na'urar gano kabon monoksaid, iskar nan mai guba da ke cikin hayaƙin, wannan ba abin sakaci ba ne. Shirin Energy Star na Amurka, mai kula da tsimin makamashi, ma ya ce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bin bututun gida a hanya take salwanta.

Malam: Kuma toshewa kafin naɗewa, Hajiya. Mai gyaran da na fara kira auduga kawai ya lulluɓa a kan ramin, bayan wata biyu silin ya fara ɗiga.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Wanda ke cikin bango fa, da hannu ba ya kaiwa?

Injiniya: Wannan sai masu Aeroseal, wato kamfanin da ke toshe bututu ta ciki. Rufe ƙofofin iskar suke yi, su hura gam ta ciki, ya je ya taru a bakin ramin. Ku fara da wanda ido ke gani tukuna, musamman inda bututu ya haɗu da na'urar.