Wane suna za mu raɗa wa motar da Amurkawa ke kira RV?

Mai fassara: Salamu alaikum malamai. Kalma biyu nake nema. Ta farko RV, motar nan ta Amurka da Kanada mai gado da kicin da ban-ɗaki a ciki. Ta biyu snowbird, wato tsuntsun dusar ƙanƙara, sunan da ake kiran masu ɗauko ta daga Michigan ko Ontario ko Quebec a watan Oktoba ko Nuwamba, su gangara Florida ko kudancin Texas, su zauna a bakin teku har Maris ko Afrilu. Asalin RV kalmomi biyu ne aka taƙaita, ma'anarsu abin hawa na shaƙatawa. "Motar shaƙatawa" ta wadatar?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ba ta wadatar ba. Bahaushe in ya ji motar shaƙatawa, hankalinsa zai tafi kan motar ɗan mai kuɗi da ake fita shan iska da ita bayan la'asar. "Gidan mota" kuwa gareji ne. A kuma kiyayi "ayari": mutanen Ingila suna kiran wani nau'in abin nan caravan, ƙamus sai ya ba ka ayari, ka wayi gari ka ɗora 'yan fanshon Kanada a kan raƙuma. Ni ina ganin kalmar tana hannunmu tun tuni: tafi-da-gidanka. Mun ba waya, mun ba kotu, mun ba asibiti, alhali babu ɗayansu da yake gida. Yau ga abin da aka yi kalmar dominsa ya zo. Motar tafi-da-gidanka.

Bakanike: Allah gafarta Malam, kalmar ta yi, amma "mota" za ta ba mu matsala, don ba dukansu ke da inji ba. Masu inji iri uku ne. Akwai babba mai siffar doguwar bas, tsawonta kan kai ƙafa 45, kusan mita 14. Akwai ƙarama, ba ta fi bas ɗin Hiace da yawa ba. Akwai matsakaiciya wadda aka yi wa gado a saman kan direba, ya turo gaba kamar goshi. Sauran janyo su ake yi. Wata ana maƙala ta a ƙugiyar bayan mota. Wata kuma gabanta hawa yake yi cikin bodin a-kori-kura ya zauna a kan farantin ƙarfe, daidai yadda bodin tirela ke zama a bayan kan motar da ke janta. Waɗannan biyun ba mota ba ne. Sai dai a ce ɗakin ja.

Tsohon direba: Ɗakin ja ya fi "tirela", don a wajenmu tirela ita ce mai ɗaukar siminti da shanu. Kuma bambancin da Oga ya kawo ba na baki ba ne kawai, har a hanya yana aiki. Ɗakin ja na ƙugiya, ana son kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa ya sauka a kan ƙugiyar. In aka jibge kaya a baya gaba ya yi sako-sako, da zarar babbar mota ta wuce ta kaɗo iska sai ya fara wutsiya hagu da dama. Mai tuƙi in ya tsorata ya danne birkin motar, abin ƙaruwa yake yi. Ɗaga ƙafa ake yi daga totur, a riƙe sitiyari cak, a matsa birkin ɗakin shi kaɗai da hannu, akwai na'urarsa kusa da direba.

Babbar mai inji kuwa damuwarta tsayi da shan mai. Wasu sun haura mita huɗu, dole a san tsayin kowace gada kafin a shiga ƙarƙashinta. Lita ɗaya kilomita uku zuwa huɗu take kai ta, ga shi daga Detroit da ke Michigan zuwa Tampa da ke Florida ta babbar hanyar I-75 kusan kilomita 2,000 ne. Masu bin I-95 ta gabas su kuma sai sun kauce wa hanyoyin ƙarƙashin ruwa na birnin Baltimore, don an hana shiga da manyan tukwanen gas.

Mai aikin famfo: Ni dalilin da ya sa na goyi bayan "gidanka" shi ne ruwa. Abin da ya raba wannan da motar da aka shimfiɗa wa katifa a baya shi ne tankuna uku. Biyu daga ciki Turawa da launi suke kiransu, toka-toka da baƙi, amma kada mu bi su, "baƙin ruwa" ba zai gaya wa kowa komai ba. A kira su da aikinsu: tankin ruwan sha, tankin ruwan wanka da wanke-wanke, tankin masai.

Wajen juyewa akwai ƙa'ida. A haɗa tiyo mai faɗin inci 3 da ramin zubarwa, a fara buɗe bawul ɗin tankin masai, ya gama a rufe, sannan a buɗe na ruwan wanka ya bi baya ya ɗauraye tiyon da ruwan sabulu. Kuskuren sabon shiga shi ne ya iso sansanin da zai yi wata uku, ya haɗa tiyo, ya bar bawul ɗin masai a buɗe don kada ya riƙa wahala. Ruwa ya tsiyaye, mai kauri ya tsaya ya yi tudu a ƙarƙashin masan ya bushe kamar suri. A bar shi a rufe sai ya kai kashi biyu cikin uku, nauyin ruwan ne ke tura komai.

Sai maganar tasowa cikin sanyi. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya fasa bututu da famfo. Don haka wanda ya makara bai taso ba sai Disamba, da bututu a bushe yake tafiya: ya juye tankuna, ya juye tukunyar dumama ruwa, ya karkatar da hanyarta, sannan ya tura maganin hana daskarewa mai ruwan hoda a cikin bututun. Ba irin na lagireto ba, wancan guba ne. In bai karkatar ba, tukunyar mai galan 6, wajen lita 23, ita za ta shanye maganin. Sai ya isa inda dare ba ya daskarar da ruwa ya wanke bututun ya cika.

Mai gyaran wuta: To a nema mana sunan abin da suke kira full hookup, inda fili ke da wuta da ruwa da magudana a jere. Ni "haɗi uku" nake gani, ya fi "cikakken haɗi" fayyace abin da aka biya. Wutar iri biyu ce. Mai amp 30 tana ba da wat 3,600 ne kacal, na'urar sanyaya ɗaki ita kaɗai ta kusa cinye rabi, in aka ƙara tukunyar dumama ruwa da na'urar ɗumama abinci lokaci guda sai wuta ta ɗauke. Mai amp 50 layi biyu ce, tana kai wat 12,000. A bakin famfon sansani kuma a ɗaura abin rage ƙarfin ruwa ya tsaya wajen 40 zuwa 50 a ma'aunin ƙarfin ruwa da ake kira psi. Sannan a daidaita motar kada ta karkace, saboda firjin da ke aiki da gas yana lalacewa in ya daɗe yana aiki a karkace.

Hajiya edita: Kun bar kalma ta biyu. Wani zai ce 'yan ci-rani, tunda tafiya ce ta lokaci a dawo. Ban yarda ba. Ɗan ci-rani nema ya fita, ya rage wa rumbu baki ya dawo da ɗan abin hannu kafin shuka. Waɗannan yawancinsu 'yan fansho ne, kashewa suka je yi. In tsuntsu ake so, muna da shamuwa, ita ma tana barinmu ta yi kudu in damina ta wuce. Sai dai mu da zuwanta muka san ta, alamar ruwa ce, ba wanda zai ji shamuwa ya tuna sanyi. A ce 'yan gudun sanyi. A kudancin Texas ma ba sa ce musu tsuntsaye, "mutanen Texas na hunturu" suke kiransu.

Malamin Hausa: Hajiya, ba "gudun hunturu" ba?

Hajiya edita: A'a Malam. Hunturu ƙura da hazo da tsagewar leɓe yake kawowa a ka. Nasu dusar ƙanƙara ce da ake kwashewa da shebur a ƙofar gida. "Sanyi" ya ɗauki duka biyun.

Bakanike: Mai fassara, in za ka rubuta kan bakin tekun kansa, kada ka bar gishiri. Iskar teku tana cin ƙarfe, tsatsa ta fara daga ƙasan mota da matakala da jak, shi ya sa ake yawan wanke ƙasan da ruwan famfo. A Padre Island da ke Texas an yarda a shiga da mota har kan rairayi a kwana, amma mai nauyi irin wannan in ta bar damshin yashi mai tauri ta shiga busasshe, nutsewa take yi har gindi, ƙara ba ta wuta kuwa ƙara haƙa rami ne. A duba inda ciyawar teku ta yi layi, nan ruwa ya tsaya da ya cika, a ajiye mota can sama da shi.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Ga yadda jimlar za ta fita: "'Yan gudun sanyi daga Kanada sun fara isa Florida da motocin tafi-da-gidanka da ɗakunan ja, kuma filayen da ke da haɗi uku a bakin teku sun cika."

Tsohon direba: Ta yi. Sai dai "filayen" za a zaci na ƙwallo ne ko na sayarwa. Ka sa "sansanonin".