Rusau ya taso: me ɗaliban kilinik ɗin shari'a za su iya kai wa waje?

Ummu_aji4:
Assalamu alaikum manya. An shafa wa gidajen wata unguwa jan fenti, an ba su kwana bakwai su tashi, kuma yawancinsu takardar mai unguwa kawai gare su. Ɗalibi ba ya tsayawa gaban alƙali. To wane aiki kilinik ɗinmu, inda ɗaliban shari'a ke taimaka wa jama'a ƙarƙashin kulawar lauya, zai yi da zai isa Janiba (ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya) ko Banjul (Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka), ya kuma yi amfani?

Baristan_Zage:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ku fara sanin ƙofar da ke buɗe. Sashe na 16(2)(d) na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci matsuguni, amma sashe na 6(6)(c) ya ɗaure hannun kotu a kan babi na biyu gaba ɗaya, inda sashe na 16 yake. Shi ya sa ake bi ta Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wadda ta zama dokar gida tun 1983. Kalmar gida ba ta cikinta, sai dai a shari'ar ƙungiyar kare haƙƙi ta SERAC da Najeriya ta 2001 kan al'ummar Ogoni, Hukumar Banjul ta fitar da haƙƙin matsuguni daga sassa na 14 da 16 da 18. Ita Banjul sai kun gama da kotunan gida ko kun nuna ba su da amfani. Kotun ECOWAS ba ta neman haka. Kada ku ɓata lokaci kan ƙorafin mutum ɗaya zuwa kwamitin haƙƙin tattalin arziki na Majalisar Ɗinkin Duniya: Najeriya ta shiga yarjejeniyar da kwamitin ke kula da ita a 1993 amma ba ta karɓi ƙarin yarjejeniyar ƙorafi ba. Nijar ta karɓa.

Malama_Hakkoki:
Da kwana bakwai, abu ɗaya ne ke da sauri: wasiƙar gaggawa zuwa ga wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman kan haƙƙin matsuguni, a Janiba. Ba a buƙatar lauya ko hukuncin kotu. Shafi biyu zuwa uku ya wadatar: wa aka yi wa, wace hukuma, yaushe, a ina, me aka riga aka gwada.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne hujja. "Dubban mutane" ba adadi ba ne. Ku bi gida-gida da fom guda: mutum nawa ke kwana ciki, yara nawa, shekara nawa da zama, mai gida ne ko ɗan haya, wace takarda ke hannu. Rasit ɗin haraji da takardar kuɗin wuta duk ku ɗauka. Hoton jan fentin ya fito da lambar gida, kuma kada a turo shi ta WhatsApp a matsayin hoto, don yana goge kwanan wata da wurin da aka ɗauka. A turo shi a matsayin fayil. Ku tambayi mata daban, a cikin gida. In a zaure kuka tsaya, 'yan haya da zawarawa ba za su shiga lissafi ba. Sannan ku auna da ƙa'idojin rusau na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007, waɗanda suka nemi sanarwar kwana 90.

Izini kuma wajibi ne. Bayan kwana 60 ana wallafa wasiƙar, kowa na iya karantawa. A gaya wa mutane haka da Hausa kafin su sa hannu ko dangwale, wanda ya ji tsoro a sakaya sunansa.

Dan_Gwale:
Malama ta gama magana, sai dai kada a yi wa jama'a romon baka. Wasiƙar Janiba ba ta tsayar da katafila. A Otodo Gbame ta Legas an kori mutum sama da 30,000 tsakanin 2016 da 2017, har da umarnin kotu a ƙasa. Lauyan da ke kula da kilinik ya nemi umarnin dakatarwa a babbar kotun jiha a makon nan, ya duba ko an bi sassa na 28 da 29 na Dokar Filaye ta 1978 kan soke mallaka da diyya. Bayanan da kuka tara ku adana su don bitar UPR ta gaba, wato bitar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi wa kowace ƙasa kan haƙƙin ɗan Adam: rahoton ƙungiya ɗaya kalma 2,815 ne iyaka, na haɗin gwiwa 5,630. Kuma tunda za ku kammala kafin lokacin, ku miƙa wa 'yan aji uku fayil ɗin da lambobin kwamitin unguwa.