Kwalliyar wajen biki: mu yi da kanmu ko mu biya mai deko?

Ƙanwar_amarya (Garwa):
Salamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Bikin yayata saura sati 5, za a yi kamu da walima a gida nan Yelwa, to mun je wajen wata mai deko ta ce jaka 150 na sefa kuma wai banda kujeru banda rumfa, wallahi sai da Mama ta riƙe baki, ga kayan ɗaki ba a gama ba ga gara na jira. Ni nace mu yi da kanmu tunda muna da yawa a gidan amma Yaya tana tsoron kar a yi abin da dangin miji za su yi ta dariya. Wacce ta taɓa yi ta faɗa min gaskiya, ana samun sauƙi ko wahala ce kawai?

Maman_biyu:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Mun yi a bikin ƴar yayana kuma mun samu sauƙi sosai, amma ki ji inda muka yi kuskure. Da farko mun ce tsakar gida gaba ɗaya za mu ƙawata, ƙofa, bango, bishiyar darbejiya, har randa, ƙarfe 2 na dare muna hura balan-balan baki ya yi tsami. Washegari kafin azahar rabi sun fashe, kin san ranar Garwa ba ta wasa, balle idan bikin ya faɗo Maris ko Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. Sauran kuma yara suka gama da su.

Abin da ya fito a hoto wuri ɗaya ne tak, inda amarya ta zauna. Nan za ki zuba ƙarfinki. Ki samu zana sabuwa, wadda Fulani ke ce wa sekko, a kafa ta da sanda a bayan kujerar, ki rufa farin yadi ki saki wani kala daga sama yana saukowa da tattara. Mu labulen ɗakin amarya muka ara, an gama aka wanke aka kai jere, ko dala ba mu kashe a kai ba. Ƙasa kuma kafet na falo da tintin biyu. Shi ke nan fa.

Tela_ƴar_Marwa:
Ni ɗinki nake, bari in ƙara kan na Maman biyu. Kar ki yanka yadin ko kaɗan, ki kama shi da fil ko ki yi masa ɗinkin hannu mai faɗi wanda za a zare, bayan biki ya zama zanin gado ko riga. Idan kun fitar da anko ki ƙara turmi 1, yadi 6 ne, ya isa ki rufe teburin gato, wato kek, ki yi ɗauri a bayan kujerun manyan baƙi, sai wajen ya shiga da kayan jikinku kamar da gangan. Ko atamfar CICAM ce, ta kamfanin nan Kamaru, ta yi.

Gam na bindiga kuma ki bar shi, a rana yana saki, fulawa ta yi ta zubowa kan amarya. Zare da siririyar waya sun fi. Kuma dan Allah ku daina raina faifai, faifai masu kala guda 10 ko 12 a jera a jikin farin yadi, da ƙwarya mai zane a gefe, ya fi min fulawar roba ɗin nan da kowa ke sawa. Gidan tsofaffi cike suke da su, aro ne kawai.

Baban_Walid:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Ni na riƙe lissafin bikin ƙanwata, kuma ba kwalliya ce ta cinye kuɗin ba, hayar kujeru ce da rumfa da grup, wato janareta, da man da ya sha, sai kuɗin moto na zirga-zirga kasuwa da babu wanda ya rubuta. Ki rubuta komai a jera ki je babbar kasuwa sau ɗaya. Idan da dare ne ku tanadi fitila mai caji, wuta na iya ɗaukewa ana tsakar hoto.

Inna_Hajja:
Ƴata duk sun faɗi gaskiya amma babu wadda ta tambaye ki wa zai yi aikin. Ranar biki ke za a aika ɗauko mai lalle, ke za ki raba abinci, ke za ki nemo takalmin amarya da ya ɓata. Ki ware mutum 3 da ba su da wani aiki sai wannan, ku gwada kafawa tun saura sati ku ɗauki hoto ku nuna wa yayarki hankalinta ya kwanta. Kayan aro kuma a rubuta na wane da wane, na ga zumuncin da ya ɓaci kan kafet da aka ƙona da kaskon turare.

Ƙanwar_amarya (Garwa):
Kai na gode wallahi, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Yaya ta ce faifan ya kwanta mata, balan-balan kuma mun cire. Inna Hajja maganar kasko ta sa Mama dariya don mu ma an taɓa yi mana. Anti tela, farin yadin nan mita nawa zai rufe zana biyu idan ana son tattara ta fito sosai?

Tela_ƴar_Marwa:
Ki auna faɗin zanar ki ninka biyu, tsawo kuma ki ƙara kamu ɗaya ya kwanta a ƙasa. Kuma ki ɗaure ƙasan da dutse ta baya, iskar la'asar ba ta da kunya.