Toka ai toka ce, wa ya rubuta mata suna?

Ɗan Marwa: Salamu alaikum 'yan gurup. Wai na karanta an haƙo laka daga ƙasan tafkin Malawi, aka ce an ga tokar dutsen Toba na Indonesiya a ciki, aman wutar da ya yi shekara kusan 74,000 da suka wuce. Ni fa ban yarda ba, toka ai toka ce, wa ya rubuta mata suna?

Malamin lise: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba irin tokar murhu ba ce, babu abin da ya ƙone, narkakken dutse ne ya tarwatse a sama ya daskare ya zama ɓurɓushin gilashi, wata ƙwayar ko kaurin gashi ba ta kai ba. Kuma kowane dutse da irin haɗinsa, silika (sinadarin nan na cikin yashi) kaza, ƙarfe kaza, potasiyom kaza. A labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ake wanke lakar a tsince ƙwayoyin a auna su ɗaya bayan ɗaya sannan a gwada da wadda aka ɗebo can Sumatra inda Toba yake.

Hajiyar Garwa: Wannan kam na gane Malam. Ruwan tokar karan gero da na itace ba ɗaya ba ne a miya, harshe ma yana rabewa.

Ɗan Marwa: To Hajiya amma kilomita sama da 7,000 fa! Ga Dutsen Kamaru nan ya yi amai a 1999 da 2000, ga na Tanzaniya a bakin tafkin, don me sai na nesa?

Malamin lise: Na Dutsen Kamaru baƙi ne, silikarsa kaɗan, na Toba kuwa ta haura kashi 70 cikin 100. Tokar Rungwe ta Tanzaniya ma tana cikin lakar, an ganta, amma haɗinta daban, shi ya sa ba ta rikita masu binciken ba.

Ɗalibi a Ngaundere: Gafarta Malam, a nan nake da ja. Toba ya taɓa yin amai kafin wannan kuma haɗin ya yi kama sosai, ga shi gilashi in ya daɗe cikin ruwa sodiyom ɗinsa na sauyawa. Awon sinadari kaɗai bai isa hujja ba wallahi.

Malamin lise: Ka yi gaskiya ɗana, shi ya sa ake duba zurfin da aka same ta da shekarun lakar da ke samanta da wadda ke ƙasanta, in sun saɓa a ajiye maganar.

Ɗan Marwa: Gilashin na yarda. Tafiyar iskar ce har yanzu ba ta zauna mini ba.

Hajiyar Garwa: Ƙurar Bodele ta Chadi da ke cika mana ɗaki da hunturu har Birazil take kaiwa fa, ƙanena.