Zawon maruƙa a sati na biyu, allura ba ta tsayar da shi

Assalamu alaikum, likitocin dabbobi da makiyaya. Garken shanun madara ne kusa da Ashaiman, a yankin Accra. Maruƙa na shan dakashi lita 3 cikin awa 6 na farko, amma daga kwana 7 zuwa 14 sai zawo: ruwa-ruwa, rawaya, babu jini, ido ya faɗa. Allurar oxytetracycline (maganin kashe bakteriya) ba ta yi komai ba, don haka zargina ya koma kan rota (rotavirus, ƙwayar bairas) ko kirifto (Cryptosporidium, ƙwayar cutar hanji), tunda zawon bakteriyar E. coli kwanakin farko yake kamawa. Ana ba su ruwan gishiri da gulukos lita 2 tsakanin shan madara, ba a sa sukarin shayi, don maraƙi ba ya narkar da shi.

Tsakanin rota da kirifto, wanne ya fi yawa a garkunan Accra? Ina ake gwada kashin? Kuma da me za a wanke ɗakin, tunda bilic (ruwan kilorin na wanki) ba ya kashe kirifto?