Ranar da yaro ya furta kalaman ƙiyayya a gabanka, me ka yi?

Jagorar ƙungiyar 'yan mata:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aiki da matasa. Da yawanmu mun halarci horon nan kan yaƙi da ƙyamar juna da kare yara daga masu tsattsauran ra'ayi. An raba takardu, an tafa, kowa ya kama gabansa. Abin da nake son ji shi ne abin da ya biyo baya. Ranar da yaro ya buɗe baki a gabanka ya ce "waɗancan mutanen ai ba mutane ba ne", me ka yi, kuma horon ya yi maka rana?

Kocin ƙwallo:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni dai ya yi min rana. Wani yarona mai tsaron baya ya ƙi shan ruwa a gorar da abokin wasansa ya sha, ya ce shi ba ya haɗa baki da irinsu. Abu ɗaya da na riƙe daga horon shi ne kada ka kunyata yaro a gaban sa'o'insa, domin daga nan ba ra'ayinsa zai kare ba, mutuncinsa zai kare. Sai na bari aka tashi, na ce ya taya ni naɗe raga. Muna naɗewa na tambaye shi a ina ya ji. Ya yi jim, sannan ya ciro waya ya nuna min wani bidiyo na gawarwaki da aka turo musu a WhatsApp, hannunsa har rawa yake yi. Muka kalla tare. Na ce wa ya ɗauka, yaushe, a ina? Bai sani ba. Muka bi diddigi muka gano tsohon bidiyo ne daga wata ƙasa daban. Ban ce masa ya yi laifi ba. Har yau yana cikin ƙungiyar, kuma yanzu ni yake fara turo wa irin waɗannan abubuwa kafin ya yarda da su.

Malamar ajin yamma:
Madalla Koci, amma ina da ja a wuri guda. Yaron da aka ƙi shan ruwa bayansa fa? Yana tsaye yana kallon ko babba zai tanka. Shirunka a wannan lokacin shi ma magana ce a kunnensa. Ni abin da nake yi, a take nake cewa "a nan ba ma faɗin haka a kan kowa", da murya kwance, in ci gaba da darasi, sannan in keɓe da mai maganar daga baya. Kuma ina roƙon masu shirya horo su daina ɗaukar cewa tara yara a ɗaki ɗaya kawai ya isa. Tun 1954 masanin halayyar ɗan'adam Gordon Allport ya nuna cewa cuɗanya tana rage ƙyama ne idan ɓangarorin suna kan matsayi ɗaya, suna da buri guda da sai sun haɗa hannu za su cim masa, kuma manya suna mara wa abin baya. Na gani da idona: da na haɗa su shirya wasan kwaikwayo, wadda ba ta gaisa da ƙawarta ita ce ta zauna tana maimaita mata layukanta.

Kocin ƙwallo:
Na karɓa, Malama. Zan haɗa biyun.

Tsohon ma'aikacin cibiyar matasa:
Ku gafarce ni, ni ɓangaren da ya dame ni a horon shi ne jerin "alamomin haɗari" da aka ba mu: yaro ya sauya sutura, ya ƙara ibada, ya janye daga abokai. Wane matashi ne bai taɓa yin ɗaya daga ciki ba? A Birtaniya, tun 2015 doka ta ɗora wa malamai nauyin kai rahoton yaron da ake tsoron zai faɗa tsattsauran ra'ayi, ƙarƙashin shirin gwamnati mai suna Prevent, kuma ƙorafin da ake ta yi shi ne yara Musulmi sun koma tsoron yin magana a aji. Mu kuwa jarinmu amana ce. Ranar da yaro ya ɗauke ka ɗan leƙen asiri, ka rasa shi.

Ku duba rahoton da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fitar a 2017 bayan ta tattauna da ɗaruruwan mutanen da suka shiga ƙungiyoyin ta'adda a Afirka da ƙafarsu. Kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya tunzura su a ƙarshe shi ne matakin hukuma, kamar kama ko kashe ɗan'uwa ko aboki. Sama da rabinsu kuma sun amsa cewa iliminsu na littattafan addini kaɗan ne ko babu. Shi ya sa lokacin da wani yarona ya fara kawo min fatawoyin intanet ban nemi kowa ba sai malami mai haƙuri da ya zauna da shi suka buɗe littafi. A birnin Aarhus na Danmak ma, ginshiƙin tsarinsu na ceto matasa daga tsattsauran ra'ayi shi ne a haɗa matashi da babban da zai riƙa ja masa gora, a nema masa makaranta ko aiki.

Jagorar ƙungiyar 'yan mata:
Baba, to idan abin ya wuce baki fa? Wata yarinyata ta faɗa min wani yana mata alkawarin aure da kuɗin mota ta je ta same shi. A nan ban tsaya jira ba. Na gaya mata ƙarara cewa wannan ba sirrin da zan riƙe ba ne, muka tafi tare wurin mahaifiyarta.

Tsohon ma'aikacin cibiyar matasa:
Daidai kika yi, 'yata, tunda kin sanar da ita kafin ki ɗaga ƙafa. Idan rai na cikin haɗari ba a jinkiri. Abin da horon namu bai ba mu ba shi ne sunan wanda za a kira bayan iyaye, wanda zai taimaki yarinyar ba tare da an mai da ita mai laifi ba. Wanda aka ba shi irin wannan tsari a nasa horon, don Allah ya bayyana mana yadda yake aiki.